Yadda ake furojet ɗin Maskom a ƙauye, tun daga zaɓen tofik har ranar difens

Shekaranjiya da daddare ina zaune a teburin mai shayi sai ga ƙanin wani abokina da yake ajin ƙarshe a Maskom, wato kwas ɗin aikin jarida da sadarwa a jami'a, ya miƙo min takarda wai Yaya dan Allah duba min tofik ɗin nan kafin in kai wa sufabaiza, malamin da zai duba min furojet, binciken kammala digiri. Na haska da tocilan waya na karanta: tasirin kafafen sada zumunta a kan tarbiyyar matasan Najeriya. Nace masa to kai matasan Najeriya gaba ɗaya za ka bi, tun daga Maigatari har Fatakwal, da wane kuɗin motar? Yayi dariya yace ai Yaya kowa haka yake rubutawa. Gaskiya ne kuwa, kowa haka yake rubutawa, shi yasa ƙarshenta ake zama a gindin maina a cike kwashaniya, wato takardar tambayoyin bincike, guda 400 da biro kala uku dan kar a gane hannu ɗaya ne. Ni nayi nawa a kan sauraron rediyo a wasu ƙauyukan yankinmu na Ringim, na sha wuya wadda da wani ya zaunar dani ya faɗa min abubuwan nan da ban sha rabinta ba, to bari in jero muku yadda ake yi, wanda ya ga da gyara ya gyara.

Farko dai tofik. Ka ɗauko abin da ƙafarka za ta iya takawa. Jigawa ƙananan hukumomi 27 ne, Kano 44, ɗauki ɗaya tak, cikinta ma ba duka ba. Tofik mai kyau yana da abu uku a ciki, wace kafa, su waye mutanen, a ina. Misali yadda manoman shinkafa na Auyo suke samun gargaɗin ambaliya, ta rediyo ne ko ta waya ko ta bakin mai unguwa. Ko yadda matan aure a ƙauyukan Taura suke sauraron shirye-shiryen lafiya. Ko abin da masu tura finafinai da waƙoƙi a memori suke turawa ranar kasuwa da su waye masu saye, wannan ma tofik ne babba da ban cika ganin an taɓa shi ba alhali duk kasuwar ƙauye akwai rumfarsu. Ko hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa farkon shekara, yana isa kunnen mai garma kafin shuka kuwa, in yana isa ta wace hanya? Tun 2020 hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta sanar da rarraba Maskom zuwa kwasa-kwasai daban daban, akwai aikin jarida, akwai watsa shirye-shirye, hulɗa da jama'a, talla, fim, da sadarwar raya ƙasa, to duba ɓangaren da kake ka zaɓi abin da ya dace dashi. Ka tafi wajen sufabaiza da tofik uku, wanda kafi so ka sa shi a sama, kuma ka shirya amsar tambaya ɗaya da sai ya yi maka: me ya sa wannan garin ba wani ba.

In an amince sai babi na ɗaya. Nan ba sai na daɗe ba, tsarin sashenku za ka bi, shimfiɗa, matsalar da ta jawo binciken, manufa, tambayoyin bincike, muhimmanci, farfajiya. Abu ɗaya kawai ka riƙe, manufofinka da tambayoyinka su zama kamar takalmi ƙafa da ƙafa, in manufa uku ce tambaya uku ce, ta farko tana kallon ta farko. Kar ka wuce huɗu. Duk tambayar da ka ƙara a nan sai ka biya ta da gumi a babi na huɗu.

Babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata da kuma ra'in da za ka ɗora aikin a kai, wato tiyori, bayanin masana kan yadda abu yake faruwa. Ka shiga Google Scholar da AJOL, AJOL ɗin nan mujallun Afirka ne zalla kuma da yawa ana saukewa kyauta, sannan ka samu rana guda ka je laburaren sashe ka duba kundayen waɗanda suka gabace ka, dubawa nace ba kwafa ba. Duk abin da ka karanta a take ka rubuta sunan marubuci, shekara, take, shafi, a littafi guda da ka ware, ko ka sauke Zotero ta riƙe maka. In ka bari sai ƙarshe wallahi sai ka yi kwana uku kana neman inda ka samo jimla ɗaya. Masu tambayar ChatGPT ya basu manazarta kuma ku yi hattara, yana iya ƙirƙiro sunan marubuci da mujalla da shekara cif cif alhali babu su a duniya, duk wanda ya baka sai ka nemo shi da idonka ka buɗe.

Maganar ra'i, yawancin ɗalibai suna ɗauko shi ne kamar hular aro, a ɗora a babi na biyu a manta. Alhali akwai guda biyu uku da kamar dan ƙauyukanmu aka yi su. Akwai na tafiyar saƙo hawa biyu, wanda Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka gano lokacin da suka bi masu zaɓe a wata gunduma a jihar Ohayo ta Amurka a zaɓen 1940, suka wallafa a 1944. Abin da suka gani shi ne saƙon rediyo da jarida yakan fara sauka a kan wasu 'yan tsirarun mutane masu bibiya, sannan su su isar wa sauran da baki. To ka tuna majalisar ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, akwai dattijo ɗaya da rediyonsa ba ta rabuwa da kafaɗarsa, shi ne zai ce yau Landan sun ce kaza, sauran su ɗauka su kai gida. Ga hawa biyu nan a gabanka. Akwai na yaɗuwar sabon abu na Everett Rogers, 1962, wanda tushensa ma noma ne, binciken Ryan da Gross na 1943 kan yadda manoman Ayowa suka karɓi sabon irin masara, inda aka ga mutum yakan fara jin labarin irin a bakin dillali amma ba ya shukawa sai ya ga maƙwabcinsa ya shuka ya girbe. Duk wanda ya ga yadda sabon irin riɗi ko injin ban ruwa mai sola yake shiga gari ya san haka abin yake. Sai na amfani da biyan buƙata na Katz da Blumler da Gurevitch a farkon shekarun 1970, shi tambayarsa me mutane suke yi da rediyo, wata dan ɗebe kewa take kunnawa tana tankaɗe, wani dan farashin kasuwa, wani dan ya ji an gaishe shi a zaɓi sonka. In kuma siyasa kake so, akwai na saita ajanda na McCombs da Shaw, 1972, mai cewa abin da kafafen labarai suka fi nanatawa shi mutane suke ɗauka da muhimmanci, kuma ka sani mutum 100 kacal suka tambaya a garin Chapel Hill a zaɓen 1968, aikin kuma har yau ana karanta shi. Ɗauki ɗaya, in yayi yawa biyu, wanda za ka iya dawowa kansa a ƙarshe kace abin da na gani ya gaskata shi ko ya saɓa masa.

Babi na uku shi ne inda ake kama ɓarawo. Mutum nawa za ka tambaya, kuma ya aka yi ka zaɓe su. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, dan haka adadin da za ka samu tsoho ne, sai dai ka yi kirdado zuwa bana da ƙarin kashi 3.2 cikin 100 a shekara da aka saba amfani dashi, kuma ka rubuta ƙarara cewa kirdado ne. Daga nan yawanci lissafin Taro Yamane na 1967 ake yi: ka ninka adadin mutanen da 0.0025, ka ƙara 1, sannan ka raba adadin mutanen da abin da ya fito. A ce mutum 20,000 ne, sau 0.0025 ya baka 50, da 1 ya zama 51, ka raba 20,000 da 51 ka samu 392. In 2,000 ne 333 zai baka. Ko ka duba jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, shi yana tsayawa a 384 komai yawan jama'a. Kaga dalilin da kowane furojet yake zagaye da 400 kenan.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Adadin nan yana da sauƙin cikawa ne in za ka raba takarda mutane su cike da kansu su dawo maka. A ƙauye kai za ka karanta wa kowa tambaya ɗaya bayan ɗaya ka rubuta amsa, mutum ɗaya da gaisuwa da komai zai ci minti 20 ko fiye, in ka yi mutum 15 a rana ka yi ƙoƙari. Yi lissafin 392 da kanka ka gani. Dan haka ko dai ka nemi mataimaka biyu uku ka koya musu, ko ka ƙuntata mutanen tun farko, misali manoman da suke cikin ƙungiyar noman rani a mazaɓa ɗaya, waɗanda shugabansu yana da sunayensu a littafi, ko kuma ka zauna da sufabaiza ka gaya masa gaskiya ka roƙi a haɗa kwashaniya kaɗan da hira mai zurfi. Gara 150 na gaske da ka rubuta dalilinsu da 400 na gindin maina.

Zaɓen mutanen kuma hawa hawa ake yi. Rubuta sunayen mazaɓun ƙaramar hukumar a 'yan takardu, nannaɗe, zuba a hula, sa yaro ya ɗauko uku. Cikin kowace mazaɓa ka sake yin haka da ƙauyuka. In ka shiga ƙauye ka tsaya a ƙofar masallacin Juma'a ko gidan dagaci ka juya biro a ƙasa, inda bakinsa ya nuna nan ka nufa, kana shiga gida na uku ko na biyar, duk wanda ka tsayar tun farko. A cikin gida kuma kar ka ce kullum maigida, in ba haka ba za ka dawo da ra'ayin dattawa maza zalla ka kira shi ra'ayin gari. Gidan farko namiji, na biyu mace, haka haka, kuma 'yan ƙasa da shekara 18 ka bar su sai in binciken nasu ne kuma iyaye sun yarda.

Yanzu kwashaniyar kanta, nan zan daɗe dan nan na fi shan kunya. Da Turanci za ka rubuta saboda sashe, amma da Hausa za a yi aikin, to kar ka bar fassara sai a bakin mutum, kowane mataimaki zai fassara yadda ya ga dama ka dawo da amsoshin tambayoyi daban daban. Ka fassara a rubuce, ka ba wani da bai ga ta Turancin ba ya mayar da ita Turanci, ka gwama biyun, duk inda suka saɓa akwai matsala a wurin. Sannan ka je wani ƙauye da ba ya cikin waɗanda ka zaɓa ka gwada a kan mutum 15 ko 20. A wajen gwajin ne za ka gano abubuwa irin waɗannan.

Shekaru. Da yawa daga dattawa ba su riƙe ba, in ka matsa sai a ce maka arba'in, kowa arba'in. Ka tafi da 'yan abubuwan tarihi a kai: lokacin da aka kashe Murtala a 1976 kana da wayo? Rikicin Maitatsine na 1980 fa? Da aka yi jihar Jigawa a 1991 kin yi aure? Rasuwar Abacha 1998? Daga nan ka kintata rukunin da mutum ya faɗa. Ilimi kuma, kar ka kuskura ka tambayi mutumin da ya sauke Alƙur'ani ko ya yi makaranta sannan ka rubuta masa babu, ka sa allo da islamiyya da yaƙi da jahilci a cikin zaɓin, ka tambaya ko yana karanta boko ko ajami ko duka, wannan ma yana da amfani in ka zo maganar saƙon tes. Kuɗin shiga na wata babu manomin da zai faɗa maka, ba ma haka yake lissafi ba, in dole ne ka tambayi abin da gidan ya mallaka, rediyo, waya, babur, shanun huɗa. Kar ka tambayi mace sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ba ma ka buƙatar suna ko ɗaya, lamba za ka sa.

Sai babbar tambayar, kana sauraron rediyo? Kowa zai ce e. Wannan tambayar banza ce. Ka ce jiya ka kunna? Wane lokaci? Kuma lokacin da salla za ka auna shi, bayan asuba, hantsi, bayan azahar, bayan magariba, bayan isha, ba ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza ba. Wace tasha? Nan ma ka shirya, dattawa ba za su ce maka DW ko RFI ba, Jamus za su ce, Faransa, Amurka, Landan, Kaduna, kuma wani shirin ya sani bai damu da tashar ba, zai ce maka Inda Ranka ko Ra'ayi Riga, kai ne za ka san na farko na Freedom ne na biyu na BBC. BBC Hausa tun 1957 take, kakan wani ma da ita ya tashi, shi yasa wani in yace na ji a BBC yana iya nufin kawai ya ji a rediyo kuma ya yarda da labarin, sai ka sake tambaya a hankali. Ka kuma tambaya a me ake ji, akwatin rediyo ne, ko 'yar Chana mai cin memori, ko ƙaramar waya rakani kashi da iyafis, kuma na waye. Na sha samun gidan da rediyo ɗaya ce kuma tana bin maigida gona, matan sai dare ko su ji ta katangar maƙwabta. In tambayarka kuna da rediyo a gidan nan ce kawai, duk wannan ya wuce ka.

Ma'aunin Likert ɗin nan na na yarda ƙwarai, na yarda, ban sani ba, ban yarda ba, ban yarda ba sam, shi ma yana ba da wahala. Mutanenmu akwai kara, baƙo ya karanto magana da takarda a hannu, amsar ita ce haka ne, gaskiya ne. Na taɓa karanta wa wani dattijo jimla ya ce ƙwarai kuwa, na karanta masa kishiyarta ya ce wannan ma haka ne ɗana. Abin da ya fisshe ni shi ne raba tambayar biyu, in fara cewa Baba wasu suna cewa kaza wasu kuma suna cewa kaza, kai wanne ka fi gani, in ya zaɓa sannan in ce sosai ko dama dama. Wani abokina tsakuwa biyar yake ajiyewa yace ɗebi gwargwadon yardarka. In sashenku suna son gwajin Cronbach, mai auna ko tambayoyin sun tafi tare da juna, da amsoshin gwajin nan za ka yi shi, ana so ya kai 0.7.

In kana da babbar waya ka duba KoboCollect, kyauta ce, kana loda tambayoyin tana aiki ko babu netwok, in ka dawo inda akwai sabis ta tura. Amma ka riƙe fawa banki da 'yan kwafi na takarda a jaka.

Shiga gari. Karɓi takardar gabatarwa daga sashe mai hatimi, yi fotokofi da yawa. Fara da hakimi in da hali, in babu to dagaci, shi zai haɗa ka da mai unguwa, wajen Hadeja da Gumel za ka ji ana cewa bulama. Ka je da shiga ta mutunci, ka cire takalmi, ka durƙusa ka yi gaisuwa, ranka ya daɗe, ka riƙe ɗan goro, ka yi bayani da Hausar da babu Turanci a ciki: ni ɗalibi ne, jarrabawar ƙarshe ce, ina tambaya ne kan yadda mutane ke jin labarai. Kuma ka faɗa da babbar murya tun a zauren cewa ba tallafi bane, ba gwamnati bace ta aiko ka, ba rigakafi bane, ba ka karɓar lambar NIN ko BVN ta kowa. Ni ban faɗa ba a ƙauyen farko. Kafin azahar labari ya zaga wai an zo rubuta sunayen masu samun taki, na fito daga wani gida na tarar da layi har bakin rijiya, wasu da katin zaɓe a hannu, wata tsohuwa ta riƙe min riga tana cewa ɗan nan kar ka tsallake ni marayu gare ni. Ranar ban yi aikin komai ba sai ba da haƙuri, kuma takardun da na cike da safen duk na zubar dasu, dan duk wanda ya ɗauka taki ne zai ce maka kullum yana jin shirin noma.

Lokaci ma abin dubawa ne. Da damina daga asuba zuwa azahar gari babu maza, suna gona. Bayan girbi kuma samari sun tafi cirani, in ka je a Janairu ko Fabrairu za ka samu tsofaffi da yara da mata, sai masu noman rani a fadama. Ko wanne ka zaɓa ka rubuta shi a cikin iyakokin bincike. Ranar kasuwa kar ka je gida gida, in Lahadi ce mutanen yankin Taura suna Gujungu, in Alhamis ce na wajen iyaka suna Maigatari, Juma'a kuma ka bar ta sai bayan an sauko. Azumi ma da rana ba kowa ke da ƙarfin surutu ba.

Mata kuwa in kai namiji ne ka san ba shiga. Dole ka sami mace, ƙanwarka ko 'yar ajinku ko malamar islamiyya a garin, ka zaunar da ita ku bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya har ta yi gwaji a kanka. A nemi izinin maigida a zaure, sannan a nemi na ita matar da kanta a ciki, in tace a'a to a'a ce. Hantsi ya fi, bayan an gama aikin safe kafin a ɗora na rana. Ke kuma ɗaliba, taki ta fi sauƙi a cikin gida, majalisar maza ce za ki nemi ɗan rakiya. Maganar sa hannu ko dangwale a takardar amincewa, mutane da yawa suna tsoronta kuma suna da dalili, ka tambayi sashe ko za su karɓi amincewar baki wadda aka ɗauka a rikoda.

In akwai tattaunawar rukuni a tsarinka, mutum 6 zuwa 10 ya isa, amma ka lura da wa ka haɗa. In dagaci ko liman yana wurin babu mai cewa komai sai abin da ya faɗa. Ɗa ba zai musa wa ubansa ba, amarya ba za ta saki baki gaban uwargida ko suruka ba. Samari daban, dattawa daban, matan aure daban, su kuma manyan ka yi hira dasu su kaɗai, ai girmamawa ce ma. Sa wayar a yanayin jirgi kafin ka fara ɗauka dan kira ɗaya yana iya yanke maka komai, ka nisanci injin niƙa, kuma a daren ranar ka fara juye maganar a rubuce tun kana tuna muryar waye wacce. Hirar awa ɗaya tana iya cin maka yini. Ka rubuta da Hausar yadda aka faɗa, karin magana da komai, fassara daga baya.

Wanda kuma nasa nazarin ƙunshiyar shiri ne ba mutane ba, misali shirin siyasa na wata tasha na wata uku, to ya fara ɗauka tun yau kar ya dogara da cewa tashar za ta bashi tsofaffi. Ya tsara takardar rarrabewa, wadda zai riƙa kasa abin da aka faɗa a shirin rukuni rukuni, ya ba wani kaso ɗaya cikin goma ya rarrabe shi kaɗai, su auna daidaituwarsu da lissafin Holsti.

Babi na huɗu ba wuya in ka yi na uku da gaske. Ba kowace takarda lamba, ba kowace amsa lamba, namiji 1 mace 2, shigar a Excel ko manhajar lissafi ta SPSS. Fitar da yawa da kaso cikin ɗari, amma kar ka tsaya nan, gicciya su, maza da mata, masu waya da marasa waya, ƙauyen bakin titi da na lungu, a nan labarin yake fitowa. In ka sa hasashe a babi na ɗaya sai ka gwada shi da kai-sukwaya, lissafin da ke nuna ko akwai alaƙa tsakanin abu biyu. In za ka ba wani ya buga maka lissafin, zauna kusa dashi ka fahimci kowane jadawali, dan ba shi za a tsayar ranar difens ba, ranar da za ka kare aikin a gaban malamai. Ƙarƙashin kowane jadawali kar ka maimaita lambobin da ido yake gani, faɗi abin da suke nufi, kawo maganar wani daga hirarrakin da ta fito da abin, ka koma kan ra'inka da ayyukan da ka bita. In sakamakon ya saɓa wa abin da ka zata, bar shi haka, shi ne ma abin da malamai suka fi son ji.

Babi na biyar taƙaitawa da shawarwari, kuma shawarar ta fito daga abin da ka gani. In ka gano mata sun fi ji da hantsi to shawararka ga tashoshi ita ce lokacin shirin, ba gwamnati ta gyara wutar lantarki ba. Manazarta yawanci tsarin APA ne, bugu na 7 da ya fito a 2019, amma tambayi sashe. Duk sunan da yake cikin aiki ya fito a manazarta, duk na manazarta ya kasance a cikin aiki, nan masu difens suke fara buɗewa. A rataye ka sa kwashaniyar ta Turanci da ta Hausa duka, da takardar gabatarwa. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin gaba ɗaya, a ƙarshe ake rubuta shi duk da a gaba yake zama.

Ranar difens ka san abu huɗu kamar sunanka: me ya sa wannan ra'in, ya ka sami adadin, ya ka zaɓi gidajen, guda nawa ka cike guda nawa suka lalace. In ka ce 392 ka raba 392 suka dawo babu ko ɗaya da ta ɓaci, to ka shirya, dan duk wanda ya taɓa shiga ƙauye da takarda ya san ba a haka. Ka tafi da damin takardun da rikodin a filas ko da za a ce a gani. Bayan nan ma kar ka zubar ko ka ba mai ƙosai sai sakamako ya fito an manna, ka ƙulle su a leda ka sa a akwatin ƙarfe ka ɗora a kan dutse, nawa a kwali na bari a ɗakin soro, kafin in dawo daga hidimar ƙasa gara ta cinye rabi.